Dawo-Gobe da Agogon Yayata

Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Mijin yayata, mai gyaran agogo da rediyo, wanda kowa a layinsu yake kira Malam Dawo-Gobe, ya rasu a ɗakin da suka koma a gidan babbar 'yarsa, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana fama da shi. Na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa. Ina cikin mota a ƙofar gidan, inji a kunne, ina danna masa hon ya fito mu tafi kasuwa kamar yadda muka saba, sai ga 'yar ta fito ko takalmi babu. Ta dafa gilashin motar ta ce, "Kawu, kashe motar."

Malam, tun ranar zama ya gagare ni. In na zauna a tabarmar masu karɓar gaisuwa, kafin a shafa addu'a biyu na miƙe. In na shiga gida sai in fito, in na fito sai in rasa abin da ya fito da ni. Kai ka koya mini wannan rashin zaman a shekarar nan da ta wuce, ka tafi ka bar ni da shi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko hannu zai gaji ya ja sauran jikin ya kwanta. Yaya ta san zan faɗi abin da zan faɗa, kuma ta ce in faɗa.

Ina yaro ka auri yayata. Na girma, na yi tuƙin bas har gwiwoyina suka ce sun gaji, amma ban taɓa jin ka kira ni da wani suna ba sai Direba. Ni kuma ban taɓa raga maka ba, sunan da mutane suka laƙa maka shi nake kiranka da shi, a gaban baƙi ma. Kuma ka ci sunan. Duk wanda ya kawo maka agogo ko rediyo, sai ka kara shi a kunne, ka lumshe ido kamar likita, ka ce, "Dawo gobe." Goben nan taka tana iya zama jibi, tana iya zama bayan wata. Masu gajen haƙuri sun zage ka, ko a jikinka. Abin da ba su sani ba shi ne ba lalaci ke sa ka jinkiri ba. Ba ka iya miƙa wa mutum kayansa da sauran ciwo a ciki. Agogo zai yi ta tafiya daidai a idon kowa, kai kuwa ka ce kana jin yana ɗingishi, sai ka sake kwance shi.

Akwai waɗanda ba ka taɓa ce musu gobe ba. Na tuna tsohon nan makaho da ke zama kusa da famfo, wanda rediyonsa ne abokin hirarsa. Ranar da ya kawo shi ka ture aikin kowa, ka zaunar da shi a kujerarka, ka gyara a gabansa kana ba shi labarin duk abin da hannunka ke yi, don kada ya ji shiru. Na tuna ranar da ka je duba mara lafiya a asibiti ka ga agogon ɗakin ya tsaya. Ka kasa gaisuwar kirki, idonka na bango, har sai da ka hau benci ka sauko da shi. Masu jinya suka ɗauka ma'aikaci ne kai.

Shagonka yana ƙasa, gidanku yana sama, matakala mai tsayi a tsakani. Bara likita ya ce zuciyarka ba za ta ƙara ɗaukar hawa da saukan nan ba. Babbar 'yarka ta gyara muku ɗaki biyu a ƙasa a gidanta, ta ce ku dawo. Matsalar ita ce ɗaki biyu ba za su ɗauki kayan shekara arba'in da wani abu ba. 'Ya'yanka suka yi shawara, autanka ya ce a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kwashe shagon kaf, a huta.

Kayanka na kanka ba su ba ka wahala ba, har ka ba mu tsoro. Riguna, kujeru, akwatuna, babban madubin falo, keken da ka daina hawa tun ina tuƙin bas, duk ka rabar cikin 'yan kwanaki. Wanda ya shigo gaishe ka ba ya fita hannu rabbana. Wata rana Yaya ta tashi daga kujera ta je ɗauko ruwa, ta dawo ta tarar ka ba maƙwabci kujerar. Ta tsaya da kofi a hannu ta ce, "Malam, ni ma in akwai mai so, ka faɗa mini in ɗaura ɗankwali." Ka yi dariya har da tari.

Amma da aka zo kan kantar baya, sai ka kafe kai da fata. Kanta ce doguwa daga bango zuwa bango, cike da agogon bango da na tebur da na hannu, da rediyo manya da ƙanana, duk ƙura ta rufe su. Kayan mutane ne da aka kawo gyara aka ce musu gobe, su kuma ba su dawo ba. Wasu sun gaji, wasu sun ƙaura, wasu sun mutu. Autanka ya ce, "Baba, masu su sun manta." Ka ce, "Su suka manta. Ni da aka damƙa wa a hannu ban manta ba." Ka rantse ba za ka gamu da Ubangijinka da kayan mutane a wuyanka ba, kuma ba za ka mayar da ko ɗaya ba sai yana aiki. Daga nan ka juyo ka dube ni, ka ce, "Direba, motarka na tashi?"

Wayyo ni! Da na san abin da na shiga da na ce ta mutu.

Haka muka fara. Da safe ka zauna a teburinka, ka maƙala ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo a ido, hannu na rawa kana kama sukurori da matsefata. In ka gama ɗaya sai ka naɗe shi a ƙyalle, mu shiga mota neman mai shi. Sunaye sun gudu daga kanka, ciwon kayan kawai kake tunawa. Sai ka ce, "Wannan na mutumin nan ne dogo mai aikin gidan ruwa, ya faɗa masa a bokiti." Da wannan bayanin za mu yi ta bin layi-layi, muna tsayar da tsofaffi muna tambaya. Mun shiga lungunan da motata ba ta taɓa mafarkin shiga ba. Na yi fushi ba sau ɗaya ba, na ce ni direba ne ba ɗan sanda ba. Kai kuwa ko ka tanka, sai dai ka ce in sha kwana ta hagu.

Ban manta matar nan da muka kai wa jan rediyon mahaifinta ba. Uban ya daɗe da rasuwa. Ta karɓa tana kallonmu kamar masu damfara, har yatsanta ya sauka kan wata lotsawa a gefe. Sai ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce ita ta yar da shi tana ƙarama, ta ɓoye a bayan ƙofa, uban ya ɗauka ya fita da shi bai ce mata komai ba. Ka murɗa mata shi ya kama magana. Ta rungume shi tana kuka, kai kuma ka ja hannuna muka fice ba sallama, don ba ka iya tsayawa a yi maka godiya.

Ban kuma manta attajirin nan da ya ƙi karɓar agogon teburinsa ba. Ya ce ya sayi wasu tun tuni, mu je mu zubar. Ka ce to. Muka fito, ka lallaɓa ka ajiye shi a kan dakalin ƙofarsa, ka faɗo mota kana haki kana cewa, "Ja, Direba, ja!" Tsofaffi biyu muna gudu kamar ɓarayi, alhali kawowa muka yi. Na yi dariya har na kusa hawa kan kwalbati.

Waɗanda muka nema sama ko ƙasa muka rasa su da danginsu, ka nemi fatawa aka ce ka bayar sadaka da niyyar ladan ya je musu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana faɗin na wane ne, ko da sunan da ka ba shi bai wuce "mai ɗan gemu" ba.

Kanta tana raguwa, kai ma kana raguwa. Ni ban lura ba, Yaya ce ta lura. Wata rana ina jiran ka a tsakar gida ta ja ni gefe ta ce, "Kai ba ka gani ne? Mutumin nan ba shara yake yi ba, haɗa kaya yake yi. Duk abin da ya fita daga shagon nan sai in ga wuyan rigarsa ya ƙara yi masa yawa." Na ce ta daina wannan magana. Ta ce to, amma idonta bai yarda ba.

A can ƙarshen kantar akwai agogo ɗaya da ba sai an nemi mai shi ba. Agogon bango ne na katako, mai mabuɗi, wanda mahaifinmu ya ba Yaya lokacin da za ta tare a gidanka. Ya tsaya a shekarar da aka haifi babbar 'yarku. Ka sauke shi daga bango ka ce mata gobe. 'Yar ta girma, ta yi aure, ta haihu, agogo na nan kan kanta. Ya zama abin tsokana a dangi, in aka ce abu ba zai taɓa yiwuwa ba sai a ce sai ranar da aka gyara agogon Yaya. Kai kuma kullum amsarka ɗaya ce, na gida ba ya gudu, a fara sallamar baƙi. Da aikin mayar da kaya ya yi nisa sai ka sauya magana. Ka riƙa cewa, a gabanta ma, "Nata ne na ƙarshe. In na gama na yayarka, Direba, na gama." Kana faɗa da murna. Ba ka duba fuskarta ba.

Kuka ƙaura. Ka miƙa mabuɗin shago, ka ba wani tsohon abokin sana'arka tebur da kayan aiki, ka rage wa kanka gilashin ido da matsefata da sukundireba biyu da 'yar kwalbar mai. A sabon ɗaki ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan babban faranti kusa da taga, ka kwance agogon. Yadda kake aiki kowa ya sani: duk abin da ka cire sai ka wanke shi, ka ɗiga masa mai, ka jera shi daga dama zuwa hagu bi da bi, kuma ba mai taɓa farantin, ko jikokinka sun san wannan. Ka gama jerawa ka fita sallar la'asar. Ka dawo ka tarar da giɓi a tsakiyar layi. Wani ɗan ƙarfe zagayayye mai haƙora, bai fi maɓallin riga ba, ya ɓace. In babu shi agogon ba zai motsa ba, kuma irinsa an daina yi tuntuni.

Ban taɓa ganin hankalinka ya tashi kamar wannan makon ba. Ka ɗaga katifa, ka zazzage takalma, ka sa aka janye gado. Ka sa na kai ka tsohon shago, ka roƙi sabon mai haya, ka durƙusa kana shafa ƙasa da tafin hannu, mutumin da aka hana shi ko sunkuyawa. Abinci ya gagare ka. Ka ce mini, "Tsawon rayuwata ban taɓa ɓatar da sukurun baƙo ba, sai na matata?" Yaya na gefe tana ninke kayan da ta riga ta ninke, tana cewa, "Malam, ka bari sai gobe mana." Ka ce ba ka da goben da za ka yi wasa da ita.

Sai kuma, ba zato, ka lafa. Ka koma cin abinci, dariyarka ta dawo. Amma neman bai tsaya ba. Kullum da hantsi ka sa hula ka ce, da ƙarfi yadda za a ji a ɗakin ciki, "Direba, yau kasuwar 'yan tsofaffin kaya za mu, an ce akwai wani mai irinsa." Mu je, ka ɗan juya tarkace sama-sama, ka sayi lemo, mu zauna a inuwa kana kallon mutane. Mu dawo ka ce mata ba a dace ba. Ita kuma ta ce Allah Ya sa a dace gobe, ta kawo maka ruwa da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarta ba. Muka yi makonni a haka.

Ranar Litinin ɗin da ta zo kafin rasuwarka haƙurina ya ƙare. Na kashe mota a bakin kasuwa na ce, "Dawo-Gobe, ka gaya mini gaskiya. Nema muke yi ko yawon shan iska? Ko duba kayan ba ka yi." Ka murza gilashin idon nan a tafin hannu. Sannan ka ce, "Na san inda yake. Yana ƙulle a bakin mayafin yayarka."

Na saki baki. Ka ce man agogo ba ya ɓoye maka, ko a duhu ka san ƙanshinsa. Ka ga tabonsa ya fito a wani ɗan ƙulli a gefen mayafinta, mayafin da ta hana a wanke, take kwana da shi ƙarƙashin matashi. Na ce to me ya hana ka karɓa ka gama aikinka, kai da ka hana kanka barci saboda kayan mutane? Ka ce, "Agogon nata ne, ƙarfen nata ne, yana hannunta. Ba abin da ya rage a wuyana. Ni na ce mata in na gama na gama, bakina ne ya jawo. Muddin tana ganin ina nema, tana cin abinci tana barci. In ƙona maka ɗan mai ai ba wani abu ba ne." Ka ce in riƙe bakina muddin kana numfashi. Bayan nan kuwa in gaggauta faɗa mata, don ka san halinta, za ta cinye kanta da kanta.

Malam, na so in yi maka masifar man da ka ƙona mini, amma na fasa. Na tayar da mota muka koma, ka shiga ka ce mata ba a dace ba.

Ba ka yi kuskure ba, ka san halin Yaya. Da masu gaisuwa suka ragu ta aika a kira ni. Na same ta zaune gaban farantin nan, fuska ta kumbura. Ta kwance bakin mayafi da haƙori, don ƙullin ya riƙe, ta buɗe tafin hannu. Ta ce, "Ni na ɗauke. Na ɗauka in na riƙe wannan na riƙe shi. Ga shi ban riƙe shi ba, na bar shi ya tafi yana ganin ya ɓatar mini da kaya. Na sa shi rarrafe a ƙasa da ciwon zuciya. Ina zan kai wannan?"

Na faɗa mata duk abin da ka ce a mota, ban rage ko kalma ba. Ta ɗago ta dube ni. Sai ta ce, "Wato ya sani? Ya bar ni ina ɓoyo kamar ɓarauniya, shi kuma yana can yana shan lemo?" Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa, har 'yarta ta leƙo a tsorace. Da ta natsa, ta ɗauki ɗan ƙarfen ta ajiye shi a giɓin nan na tsakiyar layi, ta daidaita shi da ɗan yatsa. Ta ce, "Ga shi nan, Malam. Na dawo maka da shi."

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa hannu wofi, kamar yadda ya yi ta fafutukar ya zo. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya bi gida-gida yana mayar wa mutane haƙƙinsu, Ka sauƙaƙa masa hisabi. In akwai wanda ya tafi da haushin goben da bai cika ba, Ka sanyaya zuciyarsa ya yafe. Ka sa Aljanna ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayensa da namu, mu kuma Ka kyautata ƙarshenmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa, musamman babbar 'yarsa da ta yi jinya ba gajiya, da autansa da ya zo daga baya ya riƙa ɗaukar mana kaya zuwa mota. Ina yi wa abokan sana'arsa da mutanen layinsu ta'aziyya, da duk wanda agogo ke bugawa a ɗakinsa yau saboda hannun nan mai rawa. Ke kuma Yaya, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya ɗauke miki nauyin da kika ɗora wa kanki, don shi bai ɗora miki ba.

Jiya tsohon abokin sana'arka ya zo gaisuwa da jakar kayan aiki a hannu. Ya ga faranti, ya ga komai ya cika, ya ce in an yarda zai haɗa agogon kafin azahar, ya rataye mata shi a bango. Yaya ta dubi layin nan da ka jera da hannunka, ta jawo gefen farin ƙyallen ta rufe shi a hankali. Ta ce masa, "Na gode, Malam. Dawo gobe."